ROMANÉE-CONTI: ƳAR GONAR DA BA TA CIKA HEKTA BIYU BA

A gabashin ƙasar Faransa, cikin jahar Burgonyi, akwai wani ƙauye da a ke kira Vosne-Romanée, wanda mazaunansa ba su kai mutum 400 ba. Wanda ya fita ta bayan garin, ya bi wata ƴar hanya mai hawa tudu, zai iske wata gona da aka yi wa gajeren bango na duwatsu, da wani tsohon gicciye na dutse tsaye a bakinta. Girman gonar duka hekta 1,81 ne. Mai tafiya a ƙasa ya kan kewaye ta cikin minti 10 ba tare da ya yi sauri ba. Sunanta Romanée-Conti.

Inabi kaɗai a ke nomawa cikinta, kuma da shi a ke yin wata jar giya mai ɗauke da sunan gonar. Abin da a ke samu a shekara bai cika wuce kwalba dubu 5 zuwa dubu 6 ba. Amma cikin watan Oktoba na shekara ta 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a birnin Niyok, an sayar da kwalba guda ta girbin shekara ta 1945 a kan dalar Amurka dubu 558, wato sama da miliyan 300 na kuɗin sefa. Kafin wannan rana, ba a taɓa sayen kwalbar giyar inabi da tsada haka a gwanjo ba.

Musulunci ya haramta giya, kowa ya san wannan. Sai dai labarin wannan gona labarin noma ne, da na gado, da na doka. Ga gonaki nan kusa da ita, tsakaninsu ƴan ɗaruruwan mita, iri ɗaya a ke shukawa, ruwan sama ɗaya ke sauka kansu, amma amfaninsu bai kama ƙafar nata ba wajen daraja. Dalilin yana cikin ƙasar wurin, yana kuma cikin yadda mutane suka riƙe gonar shekaru ɗaruruwa, ba su raba ta ba, ba su kuma faɗaɗa ta don neman ƙarin riba ba.

GANGAREN DA KE DUBAN GABAS

Birnin Dijon, babban birnin Burgonyi, yana wajen kilomita 300 kudu maso gabas da Paris. Daga bakin birnin wani dogon tudu ya miƙa kudu har wajen kilomita 60, ya wuce garin Beaune. Faransawa na kiransa Côte d'Or, wato gangaren zinariya. Bisa wannan gangare gonakin inabi suka jeru kamar ɗamara, a wasu wurare faɗinsu bai wuce ƴan ɗaruruwan mita ba. Sashen arewa, mai tsawon wajen kilomita 20, shi a ke kira Côte de Nuits, kuma a nan ne ƙauyen Vosne-Romanée ya ke.

Burgonyi ƙasar sanyi ce. Da hunturu ruwa ya kan daskare, itacen inabi ya zubar da ganyensa duka ya tsaya kamar busasshe. Lokacin zafi gajere ne, har a wasu shekaru da ƙyar ƴaƴan ke nuna kafin sanyi ya komo. Saboda haka wurin da gona ta ke yana da muhimmanci ƙwarai. Gangaren yana duban gabas: ranar safe ce ke fara dukansa, ta busar da raɓa da wuri, tudun kuma ya kare shi daga iska mai ruwa da ke zuwa daga yamma.

Ƙarƙashin ƙasar dutsen farar ƙasa ne, irin wanda a ke yin siminti da shi. Asalinsa wani teku ne da ya rufe wurin sama da shekara miliyan 150 da suka wuce. Daga baya dutsen ya tsattsage, wani sashe ya hau, wani ya sauka, shi ya sa ƙasar ta kan canja cikin ƴan taku kaɗan. A kan tudu ƙasa ba ta da kauri, ga sanyi. A gindin tudu ƙasa na da zurfi da nauyi, tana riƙe ruwa. Inabin wurin ya kan yi yawa amma ba ya da ƙarfin ɗanɗano. A tsakiyar gangare ne abubuwa suka daidaita: laka da tsakuwa a gauraye, ruwa na tsanewa ba ya kwanciya, saiwa na bin tsagar dutse ta sha danshi lokacin fari. Romanée-Conti a nan tsakiya ta ke, wajen mita 260 bisa teku, kuma ƙasarta ba ta kai zurfin mita ɗaya ba kafin a tad da dutse.

Mutanen Burgonyi sun rarraba gangaren nan ƙanana-ƙanana, kowane yanki da sunansa da iyakarsa. Suna kiran irin wannan yanki "climat". A sauran Faransa kalmar tana nufin yanayin sama, amma a bakinsu tana nufin gona wadda aka san halinta tun kaka da kakanni. Cikin watan Yuli na shekara ta 2015, hukumar UNESCO ta sa waɗannan gonaki, su 1.247, cikin jerin kayan gadon duniya.

DAGA ƳAN ZUHUDU ZUWA ƊAN SARKI

Tun zamanin Rumawa a ke noman inabi a Burgonyi. Amma waɗanda suka tsara gonakin su ne ƴan zuhudun Kirista, mutanen da suka bar aure da dukiya suka keɓe cikin gidajen ibada, suna addu'a suna noma. An kafa babban gidansu na Cluny cikin shekara ta 910, na Cîteaux kuma cikin shekara ta 1098. Sun fi sauran manoma da abu biyu. Na ɗaya, sun iya karatu da rubutu. Na biyu, ba su da magada, saboda haka gonarsu ba ta shiga rabo. Gida ɗaya ya kan riƙe gona shekara 300 ko 400, na baya yana karanta abin da na gaba ya lura da shi. Ta haka aka gane inda inabi ya fi kyau, aka ja bango aka keɓe shi.

Cikin shekara ta 1131, sarkin Burgonyi Hugues na 2 ya ba ƴan zuhudun gidan Saint-Vivant filaye a Vosne, kuma cikinsu ne wannan gona ta ke. Sarakunan ƙasar ma sun sa hannu ga sha'anin noman. Cikin shekara ta 1395, sarki Filip, wanda a ke wa laƙabi da Jarumi, ya ba da umurni a tumɓuke wani irin inabi mai suna gamay, mai yawan ƴaƴa, domin yana ganin zai ɓata sunan ƙasarsa. Irin da aka fifita shi ne pinot noir, mai ƙananan ƴaƴa baƙaƙe da siririyar fata, mai wuyar reno, mai ƙarancin amfani. Har yau shi a ke shukawa a Romanée-Conti.

Gonar ta fita daga hannun ƴan zuhudu cikin shekara ta 1584. Sunan Romanée ya bayyana a rubuce cikin shekara ta 1651. Cikin shekara ta 1760, wani ɗan gidan sarautar Faransa, Louis-François de Bourbon, Yariman Conti, ɗan uwan Sarki Luwi na 15, ya saye ta da kuɗi masu yawa. Da ya saya, sai ya janye giyarta daga kasuwa baki ɗaya, ya keɓe ta don teburinsa da na baƙinsa. Abin da ba a samu a kasuwa kuwa, shi mutane suka fi kwaɗayi.

Juyin juya hali na shekara ta 1789 ya kawar da sarauta. Sabuwar gwamnati ta ƙwace dukiyar gidajen ibada da ta ƴan sarki, ta sa a gwanjo. An sayar da wannan gona cikin shekara ta 1794, kuma a lokacin ne aka liƙa mata sunan yariman da aka ƙwace ta daga gidansa. Ta bi hannuwa kaɗan, har da na iyalin Ouvrard, kafin shekara ta 1869, lokacin da wani ɗan kasuwar giya, Jacques-Marie Duvault-Blochet, ya saye ta. Zuriyarsa na cikin masu ita har yanzu.

AIKIN SHEKARA

A Burgonyi ana dasa inabi a matse, wajen gindi dubu 10 cikin hekta guda, mita ɗaya tsakanin layi da layi. Da gangan a ke yin haka: itatuwan suna takara da juna, kowane ya tura saiwarsa ƙasa, ya yi ƴaƴa kaɗan. Gonar Romanée-Conti na da gindi kusan dubu 20, ke nan sai an haɗa amfanin gindi 3 kafin a cika kwalba guda.

Aiki ya kan fara da hunturu, har zuwa watan Maris. Ma'aikata na bin gindi ɗaya-ɗaya da almakashi, su yanke rassan bara, su bar ɗaya ko biyu su ɗaure bisa waya. Cikin Afrilu itacen ya kan yi toho, sai a bi a cire tohon da ya yi yawa. Cikin Yuni ya yi fure. Manoman wurin suna lissafin kwana 100 daga fure zuwa girbi. Tsakanin nan ba hutu: ana ɗaga rassa, ana rage ganye don iska ta ratsa, ana feshin farar wuta da ruwan jan ƙarfe saboda ciwon fumfuna da damshi ke kawowa.

Tun tsakiyar shekarun 1980 masu gonar suka daina zuba takin zamani da maganin kashe ciyawa. A farkon shekarun 2000 kuma suka maido da doki da garma cikin gonar, domin sun lura tarakta na danne ƙasa, ta hana ruwa da iska shiga. Kiyaye ƙasa tsohon aiki ne a wannan gangare. A zamanin da, idan ruwan sama ya wanke ƙasa ya kai ta gindin tudu, manoma su kan kwashe ta cikin kwanduna, su goya a baya, su mayar da ita inda ta fito.

Girbi da hannu a ke yinsa. Masu tsinka na yanke nonon inabi ɗaya bayan ɗaya, su yar da wanda ya ruɓe tun a gona. A gida kuma a sake baza shi bisa tebur a tsince. Sannan a zuba cikin manyan kawuna na katako. Ruwan pinot noir fari ne. Jan launi daga fatar ya ke fitowa, shi ya sa a ke barin fata da ruwa tare mako 2 zuwa 3. Cikin wannan lokaci ruwan ya kan yi kumfa ya yi zafi ba tare da wuta ba, sukarin da ke ciki ya juye ya zama barasa. Daga nan a tace, a ɗura cikin sababbin gangunan katako, a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wajen wata 18. Gangar Burgonyi tana cin lita 228, wato kwalba 300. Amfanin gonar duka a shekara mai kyau bai cika wuce ganga 20 ba.

ƘWARON DA YA ZO DAGA AMURKA

Babban bala'in da ya taɓa samun inabin Turai wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi, da ƙyar ido ke ganinsa, mai suna filoksera. Ya shigo daga Amurka jikin itatuwan da aka ɗauko a jirgin ruwa. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa cikin shekarun 1860, ya iso Côte d'Or cikin shekara ta 1878. Saiwa ya ke tsotsa a ɓoye, sai manomi ya ga ganye na yin rawaya, bayan ƴan shekaru itacen ya mutu. Ƙauyuka da yawa sun talauce, mutane suka bar gonaki suka nufi birane.

Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda masu garka ke yi wa mangwaro. Saiwar inabin Amurka ta saba da ƙwaron, ba ya kashe ta. Sai a ɗauki gindin Amurka, a aura masa reshen inabin Faransa: saiwa ta baƙo, ƴaƴa na gida. Hukuma ba ta yarda da wannan a Burgonyi ba sai cikin shekara ta 1887, domin da yawa na tsoron ɗanɗano zai canja.

Masu Romanée-Conti sun ƙi yin auren har kusan shekara 60 bayan haka. Sun ci gaba da tsohuwar dabara ta kwantar da reshe a binne shi ya yi saiwa ya zama sabon gindi, suna kuma ɗura wani magani mai guba cikin ƙasa don rage ƙwaron. Aiki ne mai tsada. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, magani ya yanke, ma'aikata suka yi ƙaranci, itatuwan suka raunana. Cikin shekara ta 1945, ga rauni ga sanyin da ya ƙone toho, gonar duka ba ta ba da abin da ya wuce ganga 2 ba, wato wajen kwalba 600. Bayan wannan girbi aka tumɓuke tsofaffin itatuwan, aka bar ƙasa ta huta, aka sake dashe da masu aure cikin shekara ta 1947. Daga 1946 zuwa 1951 ba a fitar da ko kwalba guda da sunan gonar ba. Sai cikin 1952 aka koma. Kwalbar da aka saya a Niyok ɗaya ce daga waɗancan 600 na ƙarshe.

DOKAR SUNA

Bayan ɓarnar filoksera, algus ya yi yawa a Faransa. Ƴan kasuwa na sayo giya mai araha daga kudu ko daga Aljeriya, su gauraya, su liƙa mata sunan wani ƙauyen Burgonyi. Manomin gaskiya ya rasa yadda zai yi ya sayar da nasa. Wannan ya sa gwamnati ta kafa doka ranar 30 ga Yuli 1935, wadda a ke kira AOC a taƙaice. Ma'anarta ita ce: suna na ƙasa ne. Ba mai ikon rubuta sunan wuri bisa kwalba sai inabin ya fito daga cikin iyakar da aka shata, da irin da aka amince, da hanyar noma da aka tsara, kuma bai wuce ma'aunin da aka aza ba. Hukumar da ke lura da wannan ita ce INAO.

A Burgonyi, inda gonakin inabi suka kai wajen hekta dubu 30, dokar ta yi hawa huɗu. Na ƙasa shi ne mai ɗauke da sunan jahar duka. Sai mai sunan ƙauye. Sai gonaki masu daraja ta ɗaya, "premier cru". Can bisa kuma "grand cru", su 33, waɗanda amfaninsu bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da jahar ke fitarwa ba. Romanée-Conti ta samu wannan matsayi ranar 11 ga Satumba 1936. Abin da masu ita ke ɗauka ya fi kusa da lita 2.500 a hekta, ƙasa da ma'aunin da aka aza mata.

Dokar ta ba gonar kariya, ta kuma ɗaure ta. Ko masu saye sun ninka sau ɗari, ba a iya ƙara mata layi ɗaya. Maƙwabciyarta ta yamma, La Romanée, mai hekta 0,85, hanya ce ƴar siririya ta raba su, amma sunanta dabam, mai ita dabam.

Wannan dabara ta ɗaure suna da ƙasa ta wuce inabi, ta shiga cuku da zuma da sauran kayan gona, ta kuma iso Afirka ta hannun ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde. Cikin shekara ta 2013 aka yi rajistar masoron Penja da zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gine. Cikin shekara ta 2023 Nijar ta karɓi takardun shaida na albasar Galmi da na kilishi.

RABON GADO

Dokar Napoleon ta shekara ta 1804 ta wajabta raba gado tsakanin ƴaƴa duka. A Burgonyi wannan ya daddatsa gonaki, har a kan sami mutum da layi 5 ko 6 cikin wata sananniyar gona. Misali yana nan kusa, kilomita kaɗan arewa da Vosne. Clos de Vougeot, gonar da ƴan zuhudun Cîteaux suka kewaye da bango, mai wajen hekta 50, ta zauna a hannu ɗaya har shekara ta 1889, lokacin da magadan Ouvrard suka sayar da ita kashi-kashi. Yau masu ita sun kai wajen 80, kowa da yadda ya ke nomansa, wani da kyau, wani da sakaci, kuma duka suna ɗaya su ke rubutawa.

Romanée-Conti ta tsira daga wannan. Cikin shekara ta 1942 aka mayar da gidan ya zama kamfani na iyali: rabi ga iyalin de Villaine, zuriyar Duvault-Blochet, rabi ga wani ɗan kasuwa, Henri Leroy, wanda ya sayi kason ɗaya ɓangaren magadan. Tun daga nan magada na rabon hannun jari da riba, ƙasa kuwa tana nan ɗaya. Kowane iyali na naɗa mutum guda, su biyun su tafiyar da gidan, su ne kuma ke sa hannu bisa takardar kowace kwalba. Aubert de Villaine ya riƙe wannan aiki daga shekara ta 1974 zuwa ƙarshen 2021, sannan ya miƙa wa Bertrand de Villaine, wanda ya haɗu da Perrine Fenal ta ɓangaren Leroy.

Amma tsadar da ta ɗaukaka jahar ta zama nauyi ga manomanta. Hekta guda ta grand cru tana cin miliyoyin yuro. Harajin gado kuwa bisa kuɗin da ƙasa za ta yi a kasuwa a ke lissafa shi, ko da amfanin shekara bai kai ya biya ba. Iyalai da dama kan sayar da wani yanki don su riƙe saura. Masu saye manyan attajirai ne: kamfanin LVMH ya sayi Clos des Lambrays cikin shekara ta 2014, François Pinault kuma ya sayi Clos de Tart cikin 2017. Saurayin da aka haifa a ƙauyen, wanda ya iya aikin tun yana yaro, da wuya ya iya sayen ko layi ɗaya a bayan gidansu.

BARAZANA DA JABU

Inda kuɗi suka taru, ɓarawo ba ya nisa. Cikin watan Janairu na shekara ta 2010, Aubert de Villaine ya sami wasiƙa tare da taswirar gonar, wadda aka zana gindi-gindi. Mai wasiƙar ya nemi yuro miliyan 1, wato kusan miliyan 656 na sefa, in ba haka ba zai sa wa itatuwan guba. Don a san ba wasa ya ke ba, ya riga ya huda gindi 2 ya ɗura musu maganin kashe ciyawa. Aka sanar da ƴan sanda a asirce. Cikin Fabrairu suka kama shi da dare, a maƙabartar ƙauyen Chambolle-Musigny, inda ya zo ɗaukar jakar da ya ce a ajiye masa. Abin ya nuna wa kowa cewa dukiyar nan a fili ta ke kwana, bangonta bai kai ƙugun mutum ba.

Jabu kuma ya fi wannan yaɗuwa. Wani ɗan ƙasar Indunusiya mazaunin Amurka, Rudy Kurniawan, ya yi shekaru yana gauraya giya mai araha cikin gidansa, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, yana buga takardun ƙarya, yana sayar wa attajirai a gwanjo. Saboda yawan kwalaben wannan gida da ke bi ta hannunsa har aka yi masa laƙabi da Dokta Conti. An kama shi cikin shekara ta 2012, kotu a Niyok ta same shi da laifi cikin 2013, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 cikin 2014. De Villaine da kansa ya je ya ba da shaida. Kowace kwalba ta gaskiya na da lambarta, an kuma rubuta bisa takardarta yawan kwalaben da aka samu a shekarar. Da irin waɗannan alamomi a ke rarrabe ta gari da ta jabu.

ZAFI DA SANYI

Abin da ya fi damun manoman Burgonyi yanzu shi ne canjin yanayi. A garin Beaune akwai rubutattun ranakun fara girbi tun daga shekara ta 1354. Masana da suka bincike su, suka buga sakamakon cikin 2019, sun iske cewa daga shekara ta 1988 girbi ya matso da kwana 13 bisa abin da aka saba cikin ƙarnukan baya. A da, ƙarshen Satumba a ke tsinka. Cikin 2003 da 2020 kuwa tun watan Agusta aka fara.

Ɗumi ya rage shekarun da inabi ke ƙin nuna, amma ya zo da nasa haɗari. Pinot noir ba ya son zafi mai yawa: sukari ya kan hau da sauri, tsami ya faɗi, ƙanshin da aka san shi da shi ya ragu. Hunturu mai laushi kuma ya kan sa itace ya yi toho da wuri, sai sanyin Afrilu ya riske shi. Haka ta faru cikin 2016, ta kuma sake faruwa a farkon Afrilu na 2021, lokacin da manoma suka kwana uku a gonaki suna kunna dubban kyandirori tsakanin layuka don ɗumama iska. Duk da haka amfanin jahar na wannan shekara ya faɗi ƙwarai.

Mai wata sana'a in wuri ya ɓaci sai ya tashi. Masu Romanée-Conti ba su da wannan hanya, domin doka ta ɗaure sunan ga waɗannan hekta 1,81 da ga irin pinot noir. In sun haura tudu neman sanyi, abin da za su samu ba zai ɗauki sunan ba. Abin da ya rage a hannun manoman gangaren shi ne dabarun cikin gona: jinkirta yankan rassa don toho ya makara, zaɓen gindin aure mai jure fari, barin ganye ya yi wa ƴaƴa inuwa, ɗibar rassan dashe daga tsofaffin itatuwan da suka fi juriya, da tsayar da ranar girbi daidai.

Kowace shekara baƙi daga Japan, Amurka, Sin da sauran ƙasashe na zuwa su tsaya gindin gicciyen nan su ɗauki hoto, galibinsu ba su taɓa ɗanɗana abin da gonar ke bayarwa ba. Jikin bangon akwai wani ɗan allo da ke roƙonsu su tsaya bisa hanya, kada su shiga ciki, saboda ƙasar da ke bayan bangon ba ta son a tattake ta.